Madam Doris da Ƙwarinta

Abu na farko da ya tsone mini ido a gidan surukina a Ingila shi ne ciyawa. Ba wadda ta fito da kanta ba, wadda aka shuka da gangan a bayan gida, ake yi mata aski duk ranar Asabar, a tattara abin da aka aske a zuba a shara. Na tsaya a taga ina kallonta, na tuna awakina biyar da na baro wa maƙwabciyata Kande a ƙauyenmu, can tsakanin Ɗanbatta da Kunci, suna fama da busasshiyar harawa saboda bazara ta yi tsanani. Tun daga ranar na san ni da ƙasar nan ba za mu shirya ba.

Sunana Hadiza, amma Malama Dije aka fi sanina da shi. Na koyar a firamare har na yi ritaya, saboda haka ina da Turancin da zan tambayi hanya da shi, in kuma gane idan ana zagina. Mijina ya rasu shekara shida kafin wannan tafiya. Ya bar ni da 'ya'ya mata uku da gona guda, wadda ta zama rabonmu da aka raba gado. Iyakarmu ɗaya da gonar ƙaninsa Sale, kuma tun ranar da aka kafa iyakar nan Sale yake kallon gonar kamar kuskure aka yi aka ba mu. Ni nake noma ta, gero da gyaɗa, da wake a tsakani.

Autata Zainabu ce ta haihu, haihuwar fari. Nas ce a wani asibiti a can, mijinta Habibu kuma aikin kwamfuta yake yi. Suka ce in zo in yi mata zaman jego. Na yarda bisa sharaɗi ɗaya, wanda na faɗa wa Zainabu, na kuma sa yayyenta suka maimaita mata: ana yin arba'in zan dawo, kafin ruwan shuka ya sauka. Suka ce babu komai, tikitin zuwa da dawowa ne. A cikin mota, muna barin filin jirgi, Habibu ya miƙo hannu ta baya ya ce in kawo fasfo ya adana mini, don a ƙasar nan takarda ba abin wasa ba ce. Na ba shi. Suruki ne, kuma ban taɓa tunanin akwai abin da mutum zai yi da fasfon tsohuwa ba.

Habibu ɗan Gezawa ne. Na san shi lokacin da yake zuwa zance da silifa, yana durƙusawa tun daga bakin zaure. A can kuwa a tsaye yake gaishe ni, kofin shayi a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Tuwo ya zama abin da yake yi masa nauyi a ciki. In Bature ya buga ƙofa, ko da mai kawo saƙo ne, sai muryarsa ta koma ta hanci, yana dariyar da babu abin dariya a gabanta. Na kama aikin da ya kawo ni: ruwan zafi, kunun kanwa, wankan jaririya. Sunana suka sa mata, ana kiranta Ummi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan.

Madam Doris na fara haɗuwa da ita a sati na biyu, na fita shanya a bayan gida. Katangar katako ce tsakanin gidajen biyu, iya ƙirjina. Sai ga wata tsohuwa ta leƙo, farin gashi kamar auduga, takalmin roba har gwiwa, almakashi a hannu. Ta gaishe ni, na amsa. Na jira ta tambaye ni daga ina nake, ko ya mai jego, ko ya na baro mutanen gida. Ba ta tambayi ko ɗaya ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce yau gari ya yi kyau, amma an ce da yamma za a yi ruwa. Na ce to. Ta ce jiya ma haka aka ce, ba a yi ba. Na ce to. Ta ce haka bazararsu take, ba a sanin inda ta dosa. Daga nan ta yi murmushi kamar mun ƙulla wata muhimmiyar magana, ta koma wajen furanninta.

Washegari haka. Jibi haka. Na yi wata guda cur ina fita shanya, kuma ban taɓa jin matar nan ta yi zancen wani abu da ya wuce biyu ba: yanayin sama, da kuma ƙwari.

Gaskiya sararin samaniyarsu ba shi da mutunci. A wurinmu hadari in zai zo yana sanarwa. Gabas ta yi baƙi, iska ta juya, kaji su shiga akurki, kowa ya kwashe shanyarsa. A can za ka fita da rana tas, kafin ka gama shanya zane uku yayyafi ya sauko, kana kwashewa rana ta dawo tana kallonka. Rana ɗaya na kwashe kayan Ummi sau huɗu. Ruwan ma ba ruwa ba ne, tsattsafi ne kamar mai guga yana fesa wa riga. Amma mutanen nan sun mayar da shi abin hira tun daga safe har dare. Mai shago zai yi maka zancensa, direban bas zai yi, likitan da ya duba Ummi ma da shi ya fara. Babu wanda ya shuka ko ƙwayar gero a cikinsu. In an yi ruwa burodi yana kanti, in ba a yi ba yana kanti. Hira ce kawai ta waɗanda cikinsu ya cika, bakinsu ya rasa abin yi.

Zancen ƙwari kuwa ya fi ba ni haushi. Madam Doris tana da wani akwati da ta rataye a jikin bishiya, an cusa masa guntayen gora da busassun itatuwa. Na ɗauka tarko ne, har na yaba mata. Sai ta ce a'a, otal ne na ƙwari, don su sami wurin kwana idan sanyi ya zo. Na sa ta maimaita, don na zaci Turancina ne ya gaza. Otal. Na tuna shekarar da fara ta sauka a gonakinmu ina yarinya, mahaifina ya zauna a bakin kunya ya rufe fuska da hula. Ga wata baiwar Allah tana gina wa ƙwari masauki. Da safe kuma takan bi ganyen latas ɗinta tana tsince dodon koɗi ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a bokiti, ta ɗauka ta kai su wani fili a ƙarshen layi ta sake su. Na tambaye ta me ya hana ta take su. Ta dafe ƙirji ta ce ba za ta iya ba. Na ce ai za su dawo. Ta ce ta sani, har tana gane wasu daga cikinsu.

Da na ba Kande labari a waya, sai da ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce in tambayi matar ko tana karɓar baƙi, ta aiko mata da garar da ta cinye mata dangar gida.

Zaman banza yana kashe ni, sai na ce wa Zainabu ta roƙar mini mijinta ɗan gefe a cikin ciyawar nan in yi shuka. Ina da irin rama da kuɓewa da alayyahu da na ƙullo a bakin gyale. Habibu ya ce ba a tona ciyawa a nan, maƙwabta za su yi magana. Na nemi tsofaffin bokitai uku na huda gindinsu na shuka a ciki. Kuɓewa ta leƙo ta ji sanyi ta koma. Alayyahu ya fito ya tsaya iya ɗan yatsa. Rama ce kawai ta yi ƙoƙari, ta miƙe siririya kamar marar lafiya, kuma tana fara ganye sai ga ƙananan ƙwarin nan koraye masu manne wa ƙarƙashin ganye, irin waɗanda suke kawo wa gyaɗa darɓa. A gida da toka zan yi maganinsu, ko ruwan darbejiya. To gidan da ba a hura wuta ina zai sami toka? Na daka barkono na jiƙa da sabulu na yayyafa.

Madam Doris ta gan ni. Ta ce kada in wahalar da kaina, tana zuwa. Ta shiga lambunta ta daɗe, ta dawo da gidan ashana ta miƙo mini ta kan katanga da hannu biyu, kamar mai kawo gudummawar biki. Na buɗe, sai ga wasu 'yan buzuzu jajaye masu ɗigon baƙi guda shida suna yawo. Ta ce in sake su a kan ramar, su ne za su cinye masu cin ganyen. Na yi shekara sittin da wani abu a duniya, an ba ni kyautar zane, an ba ni ta goro, an taɓa ba ni ta tunkiya, amma ba a taɓa ba ni kyautar ƙwaro ba sai ranar. Na juye su a kan ramar don kada ta ji kunya. Bayan kwana biyar ƙwarin suka ragu. Ita ta ce buzuzunta ne. Ni na san barkonona ne.

Aka yi arba'in. Na wanke kayana na ɗaure jaka. Habibu ya ce jiragen sun cika saboda lokacin hutu ne, a ƙara sati biyu. Sati biyu suka wuce, ya ce an ɗaga tikitin, yana jiran su ba shi rana. A lokacin Kande ta turo mini saƙon murya, ina jin ruwa yana dukan kwanon ɗakinta har ba na jin maganarta sosai. Ta ce an yi ruwan shuka, kowa ya fita. Na saurari saƙon nan ya fi sau goma, ba don maganar ba, don ƙarar ruwan.

A satin ne aka yi abin da suke kira zafi. Rana ta fito kwana huɗu a jere, sai ƙasar ta rikice. A talabijin ana gargaɗin mutane su sha ruwa, su zauna a inuwa. Maza suka tuɓe riguna suka kwanta a kan ciyawa, suka yi ja kamar an yaɓa musu manja. Zafin da ake wa wannan kururuwa bai kai na hantsin watan bazara a Kunci ba, ni har da rigar sanyi nake fita da safe. Madam Doris ta fito da malafa, tana fifita da jarida, ta ce mini ba ta yi barci ba, ta kusa narkewa. Ta ajiye faranti da ruwa da 'yan duwatsu a ciki, wai don ƙudan zuma su sha kada su nutse. A rana ta biyar da la'asar aka yi ƙanƙara. Ta kakkarya mini rama, ta bar sanda uku tsaye. Madam Doris ta leƙo tana murna kamar an yi mata albishir, ta ce ba ta faɗa mini ba, haka bazararsu take.

Saƙon Kande na gaba gajere ne. Ta ce Sale ya shiga gonata da 'yan ƙwadago ya shuka gero daga iyaka zuwa iyaka. Da mutane suka yi magana, ya ce taimako yake yi, kada gonar marayu ta kwana saura, tunda matar yayansa ta zama Baturiya. Duk wanda ya san ƙauye ya san ma'anar wannan taimako. Bana taimako ne, baɗi aro ne, shekara ta uku kuma sai ka nemi shaidu.

Na sami Zainabu a kicin na ce ta gaya wa mijinta ina son fasfona da ranar tafiya, yau ba gobe ba. Ta ci gaba da wanke kwalbar madarar Ummi, ta wanke ta sake wankewa. Sannan ta ce hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, dole ta koma asibiti, kuma ba ta son ta bar Ummi a hannun waɗanda ba su san Allah ba. Na ce wannan magana ce da ya kamata a yi mini tun ina gida, in ce e ko a'a. Na tambaye ta tikitin dawowar na wace rana ne tun asali. Na sake tambaya. Ta ce na wata shida ne.

"Kin sani tun kafin in taso?"

"Umma, gonar nan me take kawo miki? Wahala ce kawai. Nan ga hutu, ga jikarki."

Da geron gonar nan aka yi mata kunun da ta sha ta tafi makarantar koyon jinya. Ban faɗa mata ba, don ta sani. Na fita daga kicin ɗin.

Da yamma na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na tsaya gaban surukina na yi masa magana baki da baki. Bai ko ajiye wayarsa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, zai sa a kai mini buhunan gero har gida, wanda ya fi abin da zan noma. Fasfo kuma yana ofis, a cikin akwatin ƙarfe, kuma mai riƙe da makullin ya tafi hutu. Ya faɗi haka yana murmushin da yake yi wa masu kawo saƙo. Na dube shi, na tuna mahaifinsa mai sayar da albasa a kasuwar Gezawa, mutumin kirki wanda ba zai iya haɗa ido da ni ba, na rasa inda aka samo wannan.

Washegari na fita shanya ba don akwai abin shanyawa ba. Madam Doris tana nan kamar kullum. Ta ce yau da ɗan sanyi-sanyi, ko? Ta ce zanzaro sun dame ta a kan bishiyar 'ya'yan itacenta, amma ba ta ga laifinsu ba, su ma suna da amfaninsu. Ta ce an ce ranar Lahadi rana za ta fito.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce mata, da Turancina na firamare, a garinmu in mutum ya yi zancen ruwa, yana zancen ko 'ya'yansa za su ci abinci ne. In ya yi zancen ƙwaro, yana zancen rumbunsa ne. Na ce na ga shekarar da tsutsa ta shiga kan gero, muka girbe kara babu tsaba, mata suka sayar da kwanukan aurensu. Na ce ita wasa take yi da ƙasa, kamar yarinya da 'yar tsana, kuma na gaji da jin labarin otal ɗin ƙwari alhali an yi ruwan shuka a garinmu wata guda da ya wuce, wani yana cikin gonata, ni kuwa ina nan ina gadin sanda uku a bokiti.

Na zaci za ta yi fushi, ko ta yi kuka, don an ce suna da saurin kuka. Ta ajiye almakashinta a kan katanga ta ce, "To me ya hana ki tafiya?"

Na gaya mata. Bai kamata ba, maganar gida ce, kuma har yau ina jin nauyin hakan. Amma na gaya mata duka, da fasfo da akwatin ƙarfe da mai makullin da ya tafi hutu. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ayya, abin bai yi daɗi ba. Ta ɗauki almakashinta, ta dubi sama, ta ce gara in kwashe zanen nan don ga alama za a yi yayyafi. Ta tafi. Na ce a raina, dama me nake tsammani daga matar da ba ta iya taka dodon koɗi ba.

Ranar Asabar Habibu ya fito da injinsa yana yi wa ciyawa aski. Ina zaune a bakin ƙofar baya, Ummi a cinyata. Madam Doris ta leƙo ta ɗaga masa hannu, ya kashe injin da sauri ya nufi katanga, muryar hancin nan ta fito. Ta yaba ciyawarsa. Ta yi masa zancen ƙanƙarar da aka yi, da zafin da ya gabace ta, da zanzaro, da yadda bana malam-buɗe-littafi suka yi ƙaranci. Yana ta gyaɗa kai yana dariya, kai ka ce shi ma ya ƙirga su. Sun fi minti goma a haka. Sannan, da muryar da ta yi zancen zanzaro da ita, ba ta ƙara ba ba ta rage ba, ta ce kafin ta yi ritaya ta yi shekaru tana buga takardu a kotu.

"Na ga mutane da yawa da suka riƙe fasfon wani a gidansu," ta ce. "Dukkansu cewa suke adanawa suke yi. Alƙali bai taɓa yarda ba. Wasu har aikinsu suka rasa." Ta juyo ta yi mini murmushi. "Malama ta ce mini tana son ta je ta ga gonarta. Na ce mata ranar Litinin zan shigo in taya ta duba ranar jirgi, ina da lokaci." Ta ɗaga kai. "Ka yi sauri ka gama, ina jin za a yi ruwa kafin azahar."

Ba a yi ruwan ba. Amma Habibu ya jiƙe sharkaf. Ya bar injin a tsakiyar ciyawa, rabi an aske rabi ba a aske ba, ya shige gida. Kafin in gama ba Ummi madara ya dawo da fasfona. Mai makulli bai dawo daga hutu ba, ba a je ofis ba. A cikin durowar da ke ƙarƙashin talabijin yake, wadda nake goge wa ƙura kowace safiya. Ya miƙo mini, kuma a karo na farko tun zuwana ya durƙusa.

Durƙuson nan ya fi komai ƙona mini rai. Na ba shi 'yata, na bar gonata na zo na wanke masa 'ya, na yi masa magana da girmana da furfurata, bai ajiye waya ba. Tsohuwa mai takalmin roba ta yi masa zancen zanzaro, gwiwarsa ta sami ƙasa. Na karɓi fasfon, na sa shi a cikin lalitata, na ɗaure a ƙugu. Da shi na yi wanka, da shi na yi salla, har ranar da na bar ƙasar.

Kwana tara na ƙara. Jirgin da aka ce ya cika ya sami wuri. Zainabu ta yi ta kuka a ɓoye, tana fitowa da jajayen idanu tana tambayata ko in dafa miki wani abu, Umma. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Na koya mata yadda ake goya Ummi da zane ba da wannan jakar mai igiyoyi ba, na nuna mata yadda ake dama kunun. Ummi ce kawai na ji zafin rabuwa da ita. Ta fara gane ni, in na shigo sai ta yi ta harba ƙafa.

Ana gobe zan tafi na miƙa wa Madam Doris bokitin ramar ta kan katanga, da ɗan ƙullin yajin da na zo da shi. A ranar ne kawai na tambaye ta ko tana da 'ya'ya. Ta ce ɗa ɗaya, yana wani gari, tafiyar awa biyu, yana zuwa lokacin Kirsimeti in aiki ya bar shi. Ta faɗa kamar ba komai ba. Na so in ce wani abu game da ɗan da zai bar uwarsa tana hira da ƙwari, sai na tuna wadda na haifa, na yi shiru. Na yi mata godiya da duk Turancin da nake da shi, bai kuma isa ba. Ta ce babu komai, ta duba, gobe sama za ta yi kyau, jirgi ba zai yi girgiza ba. Ya yi girgiza tun daga tashi har sauka.

Na iso gida ana tsakiyar damina. Daga Kano zuwa Ɗanbatta ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu, an gama noman fari ana maimai. Lokacin gyaɗa ya wuce ni, wannan na sani tun ina jirgi. Amma lokacin wake bai wuce ba. Na kwana ɗaya, mata suna ta shigowa sannu da zuwa suna leƙen jakata. Da sassafe na ɗebi irin wake a ƙwarya, na ɗauki sungumi, na ce wa Kande ta biyo ni, ta kuma bi ta ƙofar gidan mai unguwa tana gaishe da mutane da ƙarfi.

Geron Sale ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Takin da na zuba bara ne yake ci. Na shiga kunya ta farko na fara sara a tsakanin geron. Ban yi rami ashirin ba sai ga shi a kan babur, wani ya riga ya kai masa labari. Mutanen gonakin kusa suka dogara da fartanyoyinsu suna kallo. Ya sauka yana dariya, irin wasan ƙanin miji, ya ce maraba da Baturiya, ai sun ɗauka sai dai su ga hotona. Ya ce ya ga gonar za ta lalace ne ya ce bari ya rufa mana asiri.

Na ce na ji, kuma na gode, Allah ya saka da alheri. Na ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji, na ce tunda ya shuka mana gero saboda Allah, idan an girbe zai ɗauki irinsa da ladan 'yan ƙwadagonsa, sauran a kai rumbun marayu kamar yadda ya yi niyya. Wani dattijo daga gonar gabas ya ce madalla, haka zumunci yake. Sale ya dubi mutane, mutane suka dube shi.

Na miƙa masa sungumin.

"Bayana ya gaji da zaman jirgi," na ce. "Kai ka yi sara, ni in zuba iri."

Ya naɗe hannun rigarsa ya karɓa. Yana gaba yana sara, ina biye ina jefa wake ina rufewa da diddige, Kande tana bayanmu tana gaya masa ramukan sun yi kusa da juna. Ba mu tashi ba sai da muka kai iyaka.